Malam, Sori Ba Sannu Ba Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwa da ta matsa mini. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san iyakata aji huɗu na yaƙi da jahilci, kuma wayar nan sai ka danna wani harafi wani ya fito. Na san mutane za su karanta, to su karanta, ba abin kunya zan faɗa ba.

Abin da ya sa na ɗauki waya, babbar 'yarka ce, Ladi, ka san dai ba zan faɗi sunanta na yanka ba. Yanzu fa ita ce shugabar malaman Turanci a makarantarsu, har a waya take koyarwa. Jiya aka nuna mini ita a gaban allo tana cewa, maimakon kullum ka ce sori, ga wasu kalmomin da za ka faɗa. Ta fara jero su. Malam, wallahi naka ne. Har ɗaga yatsan naka ne. Sai kawai na gan ni a ɗakinmu na haya a Na'ibawa.

Ka tuna lokacin da kake masaƙa a Sharada, can ƙarshen shekarun saba'in? Kafin jiniya ta busa kana kan keke da kakinka, in ka dawo auduga duk ta maƙale a gemu. Abu ɗaya ya fito da mu daga ƙauye, ka ce sai yarinyar nan ta yi boko. Mutanen gida kuwa suna cewa ba za mu rufa shekara ba za mu dawo.

Rannan sai ga ka tun kafin azahar, ka jingine keke ka zauna a bakin ƙofa. Ashe injiniyanku, Baturen nan da kuke kira Mai Lofe, shi ya taka baƙin mai a gindin inji, santsi ya kwashe shi, hannu ya goce. Kai ne kusa, ka ruga ka ɗago shi kana ta sori sa, sori sa. Shi yana nuna man yana faɗa, wai wa ya zubar. Kai ba ka ji ba, ka dai ga mutum cikin ciwo, ka ƙara masa wata sorin. Sannu kake yi masa, yadda kowane ɗan mutunci zai yi. Shi kuwa a garinsu, wai duk wanda ya ce sori shi ya yi laifin. Foman ya ce ka tafi gida, ran Litinin za a yanke, amma ka sa rai da kora.

Ban manta abin da ka ce mini ba: "Kin ji, yau na gai da mutum an kore ni." Ni dai jakar makarantar Ladi nake kallo a rataye jikin ƙusa. In aiki ya tafi ɗaki ya tafi, sai ƙauye, kuma ƙauyenmu ko furamare babu a lokacin.

Na ce ka koma ka ba shi haƙuri mana. Ka ce da wace kalma? Guda ɗaya gare ka, ita ce kuma ta jawo.

Ba ka kwanta kana ƙorafi ba, a nan ka burge ni. Ka hau keke ka je gun ticansu Ladi, mutumin Gana nan mai doguwar safa, ka ce ya ba ka abin da ake faɗa wa Bature in ya ji ciwo wanda ba sori ba. Ka dawo da su a ka, kana maimaitawa a hanya don kar su zube. In mutum ya faɗi, a yu olrayit. In wani abu ya same shi, wot e fiti. In zai taka wuri mai santsi, tek kiya. Mai jinya kuma get wel sun.

Mu muka sha gwajin. Na ƙona yatsa a murhu, ina jira ka ce sannu, sai na ji wot e fiti. Na ce Malam fitila ka ce ko fitina? Akuyar maƙwabta ta faɗa kwata, ka leƙa ka tambaye ta a yu olrayit. Matan gidan haya suka yi ta dariya, suka laƙaba maka Malam Tekkiya. Ni ma ina dariyar, amma hankalina yana kan ran Litinin.

Ran Litinin ba ka jira an kira ka ofis ba. Ka tsaya a ƙofar kamfani cikin ma'aikata masu jiran jiniya. Mai Lofe ya sauko daga mota, hannu cikin bandeji an rataye a wuya. Ka matsa ka yi masa gud monin, ka nuna hannun ka ce get wel sun, sannan ka ce oyil not mi, wato ba kai ka zubar da man ba. Ya dube ka sama da ƙasa ya wuce abinsa. Ka ce a nan ka fara tunanin motar da za ta kwashe mana kaya.

Sai Allah ya kawo ƙarfen nan na ƙasan ƙofa, wanda kowa yake tuntuɓe da shi. Ya yi tuntuɓe, lofe ya faɗi ƙasa. Duk ma'aikatan da ke wurin, da maigadi, har mai shayin tsallaken titi, baki ɗaya suka ce sori sa! Ya tsaya cak ya juyo, ga mutane cike da ƙofa kowa na ba shi sori a kan ƙarfen da ba wanda ya ajiye. A nan ya gane. Kai kuma ka sunkuya ka ɗauki lofen, ka goge da bakin riga, ka miƙa masa ka ce tek kiya sa. Wai dariya ya yi har ya manta da ciwon hannu, ya nuna maka hanyar injinka da haɓa.

Ni ban gani ba, kai ka ba ni labari, kuma kowace shekara tuntuɓen sai ya ƙara girma, har akwai shekarar da Baturen ya yi alkafura. Amma na ga dawowarka bayan la'asar da auduga a gemu. Ban taɓa murnar ganin auduga irin ta ranar ba.

Daga nan ba ka daina tarawa ba. Tankiyu ma sai da ka samo mata 'yan'uwa. Ka zaunar da Ladi a tabarma kana ɗaga mata yatsa: "Kar ki riƙe kalma ɗaya, ranar da ta ƙi ki ba ki da wata."

Da ciwon tari ya kwantar da kai, ka tuna na sunkuya na ce maka get wel sun? Ka yi dariya har tarin ya taso, ka ce ashe ina ɗauka ina ɓoyewa. Ba ka warke ba, Malam. Allah ya fi mu sonka.

Masaƙar ta rufe tuntuni, ciyawa ce a ƙofar. Amma yarinya ta yi boko. Jiya da ta gama jero kalmomin, ta dubi masu kallo ta ce babanta ne ya fara koya mata, ma'aikacin masaƙa a Sharada. Na sa aka maimaita mini wurin har cajin wayar ya ƙare. Da ta zo gaishe ni na tambaye ta, duk cikin kalmomin nan wacce ce sannu? Ta ce Inna babu, sai an haɗa da yawa, kuma duk da haka ba sa kaiwa.

To ni tamu zan ba ka, wadda ba a korar mutum a kanta. Sannu Malam. Sannu da keken nan, sannu da audugar da ka shaƙa dominmu. Sannu da aiki.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa duk harafin da 'yarka ta koyar ya zama lada gare ka. In tamu ta zo ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu a inda babu santsi.

Taka har gobe,
matar Malam Tekkiya, daga Na'ibawa.