Ragon Sunan Jikana da Jiragen da Kuke Nutsarwa

Zuwa ga manyan hafsoshin sojan ƙasar nan, masu ba da umarnin harbin jiragen ruwan da ake zargin suna ɗauke da miyagun ƙwayoyi,

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina yi muku sannu da aiki, don na san abin da ke kanku ba ƙarami ba ne. Ba zan kama sunan kowa ba, tunda ku ma da nake kallon ku a talabijin, wannan ya nuna wancan, wancan ya nuna na gaba. Shi ya sa na haɗa ku gaba ɗaya, kowa ya ɗauki rabonsa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Greensboro, haifaffiyar Gusau da ta yi ƙaura zuwa wannan ƙasa taku, kuma ina zaune a gabashin garin tun yarana suna firamare. 'Yar ƙasa ce ni, ina jefa ƙuri'a, kuma ɗana na fari yana cikin sojojinku na ruwa. Ba zan faɗi sunansa ba. Kada ku ɗauka tsoro ne; mu a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun yana goye "kai" nake ce masa, da ya shiga aikinku kuwa sai na huta, na koma kiran sa Soja.

Kafin komai, ku yi mini barka, na yi jika. Namiji ne, jawur da shi, ga kumatu, ga murya. An mayar da sunan marigayi maigidana, don haka ni Ango nake ce masa, kuma na riga na gaya masa in bai zo da kuɗin cefane ba kada ya sa ran tuwona. Da wannan farin ciki nake rubuta muku, bakina har kunne. In kun ji na yi zafi a wani wuri, ku san ba halina ba ne a makon nan, ku kuka jawo.

Na ɗaya, ga abin da idona ya gani.

Kun ba Soja hutu ya zo suna, na gode. Amma tun da na ɗauko shi daga filin jirgi na lura ba yadda na ba ku shi kuka dawo mini da shi ba. Yaron da in ya shiga kicin sai na ɓoye tukunya, ya koma tsakurar abinci. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya ƙi ɗaukar ɗansa. In matarsa Fadila ta miƙo jaririn sai ya ce mura yake ji, ko ya ce bai wanke hannu ba, ya tsaya daga bakin ƙofa yana leƙe kamar baƙo. Ni da nake aiki da masu mura kullum, na san babu wata mura. Fadila ce ta ja ni gefe ta ce duk lokacin da aka nuna bidiyon nan na ƙaramin jirgi yana gudu a teku, sai wuta ta tashi, tashi yake ya bar falon.

Ranar suna da safe muka tafi McLeansville, wani ƙauye a bayan gari. A can akwai wani dattijon Bature mai gona da mutanenmu ke sayen raguna a wajensa su yanka da kansu. Ya saba da mu har ya kafa wani turke ya shafa masa koren fenti don nuna alƙibla, kuma da ya hango motocinmu zai tambaya, da Hausarsa mai ban dariya, ko na layya ne ko na suna. A gida mata ba sa zuwa wajen yanka, amma a nan ni ce mai babbar mota, ni ce mai robobi, kuma ban yarda da kowa kan wankin kayan ciki ba. Don haka ina wurin.

Tun rasuwar mahaifinsu, Soja ne mai yi mana yanka. Ya iya, hannunsa ba ya gardama. Aka yi komai yadda aka saba: aka ba ragon ruwa, aka wasa wuƙa can bayan rumbu inda ba zai gani ba, aka janye sauran dabbobin, aka kwantar da shi a hankali. Soja ya raɗa wa Malam Ilu sunan yaron, Malam ya faɗa a fili, muka shafa fatiha. Malam Ilu mutumin Maraɗi ne, direban babbar mota, shi ke ja mana salla in an taru. Ya miƙa wa Soja wuƙa.

Ranku ya daɗe, sai yaron nan ya kasa. Ya durƙusa, ya tashi, ya sake durƙusawa. Ya juyo ya dube ni ya yi magana da Turanci, don shi in abu ya yi masa zafi Hausarsa guduwa take yi. Bai faɗi sirrin aikinku ba, ku kwantar da hankalinku, ni ma ban tambaya ba. Abin da ya ce kawai, aikinsa shi ne ya zauna gaban allo ya duba, ya tura abin da ya gani zuwa sama. Abin da ake yi da shi a saman bai sani ba. Ya ce, "Mama, ban sani ba ko da hannuna a ciki. Ban san ko su wane ne ba. Kuma babu wanda zai gaya mini." Na rasa inda zan ajiye robar da ke hannuna.

Na biyu, ga abin da ya raba gardamar, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Malam Ilu bai yi wa'azi ba. Ya karɓi wuƙar ya ce, da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, ba dole sai hannunka ba. Amma ɗan naka ne, ragon naka ne. Ka wakilta ni da bakinka kowa ya ji, kuma ka tsaya nan. Ba za ka koma mota ba." Haka ake yi a wajenmu. Wanda ba zai iya yanka ba yana da damar sa wani, amma ba ya aikowa da saƙo ta bayan gida. Yana tsayawa a gaban mutane ya ce ni ne na sa. Soja ya share fuska ya ce, "Malam, na wakilta ka." Malam ya ce, "Na karɓa." Ya yi bismilla, ya yi kabbara, ya ambaci sunan yaron, ya yanka. Soja na tsaye, hannunsa a bayan ragon, bai kau da kai ba.

Ana cikin fiɗa Malam Ilu ya ɗago ya ce masa, "Ka ga yanzu, in yankan nan bai yi daidai ba, ni za a tambaya. In kuwa ragon na sata ne, kai za a tambaya, ba ni ba. Kowa da nasa, ba a haɗa wa mutum ɗaya." Sai Soja ya ce ai ragon ba na sata ba ne, a tambayi Bature. Baturen ya ji an ambace shi ya ɗaga hannu biyu yana rantsuwa, shi bai ma san zancen da ake ba. Muka kwashe da dariya, har Soja. Rabona da jin dariyarsa tun kafin ku tafi da shi teku.

Da muka koma gida, gidan ya cika ya batse. 'Yan Kano sun zo da masa, 'yan Nijar da dambu, matan Kumasi da shinkafa da wakensu da yajin nan da ke sa mutum hawaye yana ƙari. Ɗaliban jami'a kuwa, waɗanda ba a gayyata ba sun fi waɗanda aka gayyata yawa, kuma duk da robar tafiya da saura suka zo. Maƙwabciyata, wata tsohuwa da ba ta fashin coci, ta ɗaura ɗankwalin da na ba ta a karkace tana taka rawa da ƙawayena. Ana cikin haka na ga Soja ya wanke hannu, ya je ya zauna kusa da Fadila, ya miƙa hannu biyu. Ta ɗora masa. Ango ya buɗe ido ɗaya ya ƙare masa kallo, sannan ya tsula masa fitsari a sabuwar shadda. Soja ya ƙi bari a karɓe shi. Na shige kicin na yi kukana na daɗi, na fito na ce albasa ce.

Na uku, kada wani a cikinku ya ce tsohuwar nan ba ta san ɓarnar ƙwaya ba. Na sani, wataƙila fiye da wanda ke kallon ta daga ofis. Da hannuna na sha juya 'ya'yan mutane da aka kawo ba sa numfashi, na sha tsayawa da iyayensu a baranda. Wanda ke shigo da gubar nan ba ni da ko ɗigon tausayinsa a kotu. Amma kotu na ce. Zargi kuke cewa, da bakinku. Mutumin da ake zargi ana tare shi ne, a bincika jirginsa, a nuna wa duniya abin da aka samu, a kai shi gaban alƙali. In kun nutsar da jirgin da mutanen da kayan, da me za ku nuna mana kun yi daidai? Har na ji a labarai ana cewa akwai waɗanda suka tsira suna maƙale da tarkace a ruwa, aka sake sakar musu wuta. In ƙarya ne, ku fito ku wanke kanku, ni ce ta farko da za ta yi murna. In gaskiya ne, wallahi rago ya fi su samun mutunci a gonar Bature, don shi an ba shi ruwa, an san na wane ne, an san wanda ya ce a yanka.

Kuma ku sani, nauyin da babba ya ƙi ɗauka ba ɓacewa yake ba. Gangarowa yake, hawa hawa, har ya sauka a kan yaro mai zama gaban allo, ya biyo shi gida, ya hana shi ɗaukar ɗansa. Malam Ilu ya sauke wa Soja rabin kayan lokacin da ya nuna masa ba duka ne nasa ba. Sauran rabin naku ne, yana nan ajiye, ba wanda ya zo ɗauka.

Don haka ga roƙona. Wanda ya ba da umarni ya tsaya gaban wakilan jama'a, ƙofa a buɗe, ya ce ni na sa, ga hujjata. In hujjar ta tsaya, madalla. In ba ta tsaya ba, ya karɓi hukuncin da ƙaramin soja zai karɓa in shi ya yi. A binciko sunayen waɗanda suka mutu a gaya wa iyayensu, don ko ɗan fasa-ƙwauri uwa ce ta haife shi, kuma tana can tana duban hanya. Wanda kuka samu da rai a ruwa ku tsamo shi. Sannan ƙananan da ke ƙarƙashinku, in sun tambaya, a ba su amsa, kada a sa musu ido. Soja bai san na rubuta wannan ba, in da mai laifi ni ce, kuma ba ɓoyayyiya ba ce ni a garin nan.

Hutunsa ya kusa ƙarewa. Zan kai shi filin jirgi da kaina, da dambun nama cike da jaka, in sake ba ku shi, yana dariya, yana ci, yana ɗaukar ɗansa. Haka nake so ku dawo mini da shi. Wata rana Ango zai yi wayo ya tambayi ubansa me ya yi a teku, kuma ba na so yaron nan ya sake cewa bai sani ba.

Allah ya ba ku lafiya da basira, ya kare 'ya'yanku yadda nake roƙon ya kare nawa, ya ba ku ƙarfin zuciyar faɗin abin da kuka yi. In hanya ta biyo da ɗayanku Greensboro, akwai sauran naman suna a firiza, kuma ba na rowa. Sai dai ni ba na buɗe ƙofa sai na tambayi ko wane ne, kuma wanda ke waje ya amsa da bakinsa.

Wassalam.

Taku,
Kakar Ango,
Greensboro