Hular Kwano Ta Biyu

Dokki, Alƙahira
Watan Oktoba

Zuwa ga matata Fatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da yara da Inna. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka kuwa? Yaya makaranta da fama da ɗalibai? Ni nan lafiya lau, sai kewarku, ita kuwa ba ta jin magani.

Wani Alhaji daga Funtuwa da na yi wa tafinta a asibitin ido zai kawo miki wannan takarda. Na san za ki ce ga waya, me ya kawo takarda. To, maganar ce in na fara ta a waya, kafin in kai tsakiya kin fashe da dariya, ni kuma in ji haushi in bar ta.

Na sayi babur. Ba ɗan ƙaramin nan da nake zagayen asibitoci da shi ba, wani babba, na hannu, ja, mai ƙara kamar injin niƙa. Kuma a watan Disamba zan shiga filin tsere da shi. Yi dariyarki ki gama, ina jira.

Ba gasa ba ce, kwantar da hankalinki. Akwai wani fili a bayan gari, can cikin rairayi, titi ne mai santsi da ke zagayowa inda ya fara, babu mota, babu mai tsallakawa. Sukan ware rana guda kowa ya zo da babur ɗinsa, sababbi irina a sa su rukuni ɗaya, malami a gaba suna binsa. Muhannad ne ya nuna mini, wani Bamisire likitan gashin ƙashi da nake kai wa marasa lafiyarmu. Shi malami ne a can ranakun hutu. Da na ce zan gwada, sai da ya dubi furfurata, ya dubi tumbina, sannan ya ce tamam, wato ba laifi.

Ga abin da ya sa. Kwanakin baya muna waya da Nana Aisha, bakin nan nata da ba ya rufuwa, ta ce yayanta ba shi da aiki sai kallon tseren babura a waya, har sunayen mahayan ya haddace. Fatu, ban sani ba. Ɗana ne, ya gama sakandare, amma sai ƙanwarsa ta gaya mini abin da yake so. Kin san yadda muke da shi. Ɗan fari ne, ga sunan mahaifina a kansa, bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, haka na tarar ana yi a gidanmu. Tun da kuka koma gida don jinyar Inna, in na zo hutu sai ya durƙusa ya gaishe ni, in tambayi karatu, ya ce lafiya lau, shi ke nan mun gama hirar shekara.

Amma kin tuna lokacin da kuna nan, da nake kai shi makaranta ta lungunan unguwa a bayan ɗan babur ɗina? Wallahi a nan kaɗai yaron nan yake yi mini surutu. Ba ya ganin fuskata, ba na ganin tasa, sai ya riƙe rigata ya yi ta zuba, ni ma in yi ta amsawa. Da mun sauka kuma sai kowa ya kama bakinsa.

Shi ne nake so ya zo hutun Disamba in goya shi mu zagaya filin nan tare. Ki gaya masa haka. Ki kuma aiko mini da lambar hularsa, zan saya masa hular kwano. Ina jin tsoro kada ya ce a'a, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaishe da Inna, ki ce ina nema mata man zafin nan.

Naki,
Sada

Dokki, Alƙahira
Watan Nuwamba

Fatu tawa,

Sallama da gaisuwa. Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, sanyi bai takura wa Inna ba. Nan ma ya fara shigowa, bargo ɗaya ya daina isa.

Da kika ce mini ya amsa zai zo, ina tsaye a ƙofar ɗakin hoton ƙashi da wata tsohuwa daga Gusau. Sai da ta tambaye ni ko albishir aka yi mini, don ta ga bakina ya ƙi rufuwa. Sharaɗinki kuma na karɓa hannu biyu. Ba zan ɗora shi a titin Alƙahira ba, a cikin filin kawai. Ni da nake wuni ina fassara wa likitoci karaya, ba sai an yi mini wa'azi ba.

Na je kasuwar Ataba na sha cinkoso, na samo masa hular, fara, mai gilashi. Ashe kansa ya fi nawa girma. Na ajiye ta kan teburin cin abinci, kullum ina cin ful ɗina, dafaffen waken nan nasu, tana kallona. Kada ki gaya wa kowa, ran nan har sannu na yi mata da na shigo.

Shiri kam ina yi. Duk Juma'a da hantsi, lokacin da gari yake shiru, Muhannad yakan kai ni wani fili na ajiye motoci ya jera robobi in yi ta kewaya su. Ya ce komai nawa kuskure ne. Ina sauke ƙafa a kwana kamar ɗan acaɓa, ina taka birkin baya na bar na gaba, ina kallon abin da nake tsoro maimakon inda nake son zuwa. Hon kuwa ya ce in manta da shi, ni da yatsana ya saba tun ina saurayi. Mutumin nan ɗan cikina ne a shekaru, amma ya yi ta yi mini yalla yalla, wato maza-maza, kamar ɗan firamare, ni kuma ina haɗiye fushina.

Bari in ba ki labarin rigar. Dole sai da rigar fata, guda ɗaya ce daga wuya har idon sawu, kamar fatar rago. Na samu ta hannu, na kawo gida bayan azahar na gwada. Da kyar da jan numfashi zif ya hau. Na tsaya gaban madubi na ga wani ƙato da ban sani ba. To, cirewa fa? Kafaɗa ta ƙi fita. Na yi tsalle, na jingina da ƙofa, na kwanta a ƙasa ina birgima, gumi ya jiƙe ni sharkaf. Ashe rigar nan sai wani ya kama maka hannunta daga baya ya ja. Na zauna bakin gado a ɗaure, na laluba a raina wa zan kira, ban samu kowa ba. Abokan karatuna duk sun koma gida, marasa lafiya kuwa da mun saba sai su warke su tafi. Har aka kira la'asar ina ciki. A ƙarshe haka na sauka ƙasa wurin mai gadin gidanmu, ya cire ni yana dariya har da hawaye, matarsa na leƙe. Ni ma na yi dariyar, amma da na hau sama na rufe ƙofa, abin bai ba ni dariya ba.

An fara maganar bizarsa? Ki ce kada ya yi wasa da hoton fasfo.

Mijinki,
Sada

Dokki, Alƙahira
Farkon Disamba

Fatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutun nan, raina a ɓace yake.

Na tafka wauta, Fatu, irin wadda ba na son ko Nana Aisha ta ji.

Jiya na kai babur garejin abokin Muhannad a shirya shi, don ba a barin kowa ya shiga fili sai an duba. Suka rage iskar taya, suka liƙe fitilu da salatif saboda in an faɗi kada gilashi ya watse. Suka cire madubai biyun, wai a can ba a waiwaye, na bayanka shi zai kula da kai. Duk ina tsaye ina kallo. Sai na ga Muhannad ya durƙusa yana kwance wurin ɗora ƙafa na mai zaman baya. Na ce masa ya bar wannan, a nan ɗana zai taka. Ya ɗago ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya.

Ba a goyo a filin. Haka dokarsu take, balle ga sabo irina da ko kansa bai gama iya ɗauka ba. Mutum ɗaya, babur ɗaya. Na roƙe shi, na ce zagaye ɗaya tak, a hankali, ko bayan kowa ya tashi. Ya ce ma'alish, in yi haƙuri, ba a hannunsa yake ba, kuma ko a hannunsa yake ba zai bari ba. Ya tambaye ni me ya sa ban faɗa masa tun farko ba. To me zan faɗa? Wa ke tambaya ko ana goyo a babur? Tun da na buɗe ido a Katsina ban taɓa ganin babur da aka hana shi ɗaukar mutum ba. Namu har uku muke hawa, da buhu a gaba. Ko a mafarki ban kawo akwai inda ake sayen abin hawa mai kujera biyu a cire ta baya da gangan ba.

Ya zuba mini ƙarafunan a leda, na dawo gida da su a tasi.

Yanzu me zan ce wa yaron nan? Abin da na yi masa alkawari ke nan, kuma shi ya amsa. Ba don ya zauna da ni a ɗaki ya amsa ba, mun sha zama a ɗaki, kin ga yadda ake ƙarewa. In ya ji babu goyo, zuwa zai yi ya tsaya bayan shinge cikin sanyi yana kallon tsoho na rarrafe a bayan malami? Shi da yake kallon gwanayen duniya a wayarsa? Na tabbata zai ce yana da abin yi, cikin ladabi, kamar yadda ya saba. 

Don Allah kada ki gaya masa. Bari ya hau jirgi tukuna, in ya sauka na san yadda zan yi. Na san ba kya son irin wannan, amma ki taimake ni. Na gyara ɗakin baƙi, na sayi bargo, na gaya wa mai gadi ɗana na zuwa. Ba zan iya cinye sanyin bana ni kaɗai ba.

Sada

Dokki, Alƙahira
Tsakiyar Disamba

Zuwa ga Fatu, uwar 'ya'yana,

Aminci ya tabbata gare ki da duk mutanen gida. Ina fata Inna ta samu man, kuma ya yi mata amfani.

Na ji haushinki ranar, gaskiya. Da kika ce ba za ki ɓoye masa ba, kuma ba za ki kai saƙon ba, kin gaji da zama 'yar aike tsakanin mutum da ɗansa, sai da na wuni ban ci abinci ba. Kika turo mini lambarsa kamar ba ni da ita. Ina da ita, Fatu, dannawa ce ban taɓa yi ba.

Shekaranjiya na danna. Ina zaune a matakalar bayan asibiti, ina jiran a fito da wani daga ɗakin tiyata. Ya ɗauka a firgice, ya zaci wani abu ya same ni. Muka gaisa, na tambayi karatun da ya riga ya gama, sannan na rufe ido na faɗa masa gaba ɗaya. Na ce na yi kuskure, ba a goyo a filin, in yana so ya fasa tafiyar ba zan ga laifinsa ba.

 Sai ya ce ai ya sani. Tun ranar da kika kai masa saƙona na farko ya sani, duk mai kallon abin nan ya san ba a goyo. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Muryarsa ta yi ƙasa, da kyar na ji. Ya ce ya ga goyon ne ya sa na kira shi, yana tsoron in na gane babu, sai in ce ya zauna.

Fatu, sai na kife kaina a gwiwa a kan matakalar nan. Wata ma'aikaciya ta zo wucewa ta gan ni, ta ɗauka mara lafiyata ne ya rasu, har ta tsaya tana yi mini ta'aziyya. Ina can ina ɓoye masa don kada ya fasa, ashe shi ya riga ni ɓoyewa, tun Oktoba, shi kaɗai, ko ke bai gaya wa ba.

Daga baya ya tambaye ni iskar da suka bari a tayar, na faɗa masa, ya ce daidai ne. Ya ce in daina sauke ƙafa. Wannan kuma na san bakin wa ya kai masa.

Ki sa masa rigar sanyi mai kauri, filin akwai iska. Zan je filin jirgi da wuri in tarye shi. Muhannad ya ce hannuna ya fara faɗawa, ranar ba zan ba shi kunya ba in sha Allahu. Ni dai ba wannan ke hana ni sukuni ba. Daga filin jirgi zuwa Dokki tafiya ce mai tsawo in akwai cinkoso, ni da shi a bayan tasi, kafaɗa da kafaɗa, kuma har yanzu ban san da me zan fara ba. Ki sa ni a addu'a.

Ki gaishe da Inna da Nana Aisha mai dogon baki. Na gode, ko da yake ban so ba.

Naki har kullum,
Sada