Na'urar Malam Dakata

Zuwa ga Yayana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Inna tana nan lafiya. Takalmanka na hawa dutse suna bayan ƙofarta har yanzu, ta hana kowa taɓawa. Na san saƙon nan ba zai iso ka ba, 'yan ƙungiyarmu ta hawa dutse ne za su karanta. To su karanta ɗin, ai su ne shaiduna.

Zancen GPS ɗinka, na'urar nuna hanya, na kawo maka, 'yar rawayar nan da ka bar mini.

Ka tuna ranar da ka ja ni kasuwar Wuse sayenta? Mai shago sai oga-oga yake yi, yana tura maka wata mai faffaɗan gilashi da ake shafawa kamar waya. Ba ka yi musu da shi ba. Ka fasa ledar ruwa, ka jiƙa yatsa, ka shafa gilashin, abu ya rikice. Ka ajiye masa kayansa. Ka ɗauki mai maɓallai, ka fita da ita tsakiyar rana don ka ga ko rubutun na karantuwa, ka buɗe bayanta ka tabbatar batirin rimot take ci, wanda ko a shagon bakin layi za a samu. Ni kam kunya ta ishe ni. Na ce ga taswira a waya, me za a yi da wannan mummunan abu? Ka ce waya 'yar birni ce, da ta bar kwalta sai ta fara ƙiwa.

Duk Asabar a gindin duwatsun bayan Kubwa, mutane sun ɗaure takalma, jiki na rawa, kai kuwa kana tsaye a jikin mota ka ɗaga na'ura sama kamar mai neman sabis. Sai ta kama taurarin ɗan'adam, ka danna ka ajiye inda motar take, sannan a taka. "A dakata," shi ke nan maganarka. Rifkatu, matar abokinka Bitrus, ita ta raɗa maka Malam Dakata. Takan ce tun asuba ta baro Jikwoyi, ta sha cunkoson Nyanya, ba don ta zo kallon mutum yana gaisawa da sama ba. Wai wa zai ɓace a dutsen da daga kansa ana hango babban titi da rufin gidajen Kubwa? Wallahi har ni ina taya ta.

Ga kuma ɗaya halin naka da ya fi ba ni haushi. Ba ka kai mutane dutse sai ka riga ka taka hanyoyin sauka biyu da ƙafarka, ka adana su a na'urar. Ni kake tasowa ranar Lahadi in raka ka, ina mita, ƙaya na cin ƙafata. Kakan ce dutse mai ƙofa ɗaya ba a kai masa baƙi.

Yaya, a daminar nan na fara jan ƙungiyar, karo na farko tun rasuwarka. Na tsaya a jikin mota na ɗaga na'urar, ba don na yarda ba, don dai hannuna ya kasa tsallake abin da ka saba. Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi ana share ido.

Muna kan dutse hadari ya haɗo. Kafin mu tattara, gajimare ya sauko ya rufe mu. Babu titi, babu Kubwa, wanda ke gabanka ma da ƙyar. Sanyi ya tayar wa Rifkatu da asmarta. Aka zazzage jakarta, babu maganin shaƙarta: yana cikin ƙaramar jakar da ta bari a mota don rage nauyi. Muka nufi hanyar da muka hau, muka tarar rafin da muka tsallake da safe ya kawo, jajawur, yana jan itace.

Kowa ya zaro waya. Gilashi ya jiƙe, taswira ta ƙi buɗewa, wannan na nuna gabas, wancan yamma. Bitrus ɗinka, ƙaton nan da ba ya gajiya, ya durƙusa yana kiran sunan Yesu. Numfashin Rifkatu na fita da wata ƙara kamar usur. Na tsorata, Yaya. Ban taɓa tsorata haka ba.

Na ciro 'yar rawayar da jiƙaƙƙen hannu, na danna, ta amsa. Na zaɓi mota, kibiya ta miƙe tsaye ta inda na san gangare ne mai kisa. Sai maganarka ta faɗo mini: kibiya ba ta san rami ba, layin da ƙafa ta taka ake bi. Na buɗe hanyarka ta biyu, wadda na sha yi maka tsiya a kanta. Bitrus ya goya matarsa, na wuce gaba, idona a kan layin. In na kauce kaɗan sai in gani, in dawo. Muka ratsa tsakanin manyan duwatsun nan biyu, muka faɗa gonar kashu, ban ga motar ba sai da na kusa yin karo da ita.

Aka ɗauko maganin, Rifkatu ta shaƙa. Muka kewaye ta, ruwa na dukanmu. Ta sake shaƙa, ta yi tari, ƙirjinta ya buɗe. Da bakinta ya iya magana, kai ta fara kira, kuma ba da sunan tsokana ba. Kabiru ta ce. A nan na zauna cikin taɓo na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'izarka.

Kai, Yaya, kana da kai! Mu muna hawa dutse don hoto da iska, kai kana hawa ne kana tunanin yadda za ka mayar da kowa gidansa. Na yi alfahari da kai, ina ma na faɗa maka kana ji.

Asabar da ta wuce wasu sababbi suka zo, suka zabura za su wuce ina tsaye da na'ura. Rifkatu ta sha gabansu, ta ware hannuwa, ta ce a dakata. Ba wanda ya yi dariya.

Kai da kullum kake ƙarshen layi don kada a bar kowa a baya, ga shi wannan karon ka riga mu. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ladan numfashin Rifkatu a mizaninka, Ya sada mu a Aljanna.

Ƙanwarka mai mita,
Bilkisu