Haƙorina na Makka da kuɗin shagon Tanko

Zuwa ga Sarkin Kasuwarmu, Gumel.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ce Hajiya Kande mai daddawa, ƙawar kakarka. Na goya ka kana tsula mini fitsari, don haka ko da rawaninka mijina ne kai, sai ka zauna ka saurara. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, in ka ga ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Na ji Tanko mai cire haƙori zai sayar wa wani bawan Allah mutumin Ɗanzomo shagonsa, kuma kai aka ba yankan kuɗi. To kafin ka yanka, ga abin da bakina ya sani.

Na farko, abin da ya yi mini. Shekarar da naira ta shigo na sayar da saniyata na sauke farali, na dawo da haƙorin zinariya kamar kowace Hajiya. Da matauni ya dame ni na je wurin Tanko. Ya leƙa, ya ce zinariyar ce ke matse shi, sai an zare ta an wanke. Ya zare, ya kuma tumɓuke lafiyayyen haƙori ya bar mini mai ciwon. Da kasuwa ta zagayo ya mayar mini da "zinariyata" tana walƙiya. Damina na sauka ta koma kore shar kamar gansakuka. Tagulla ce! A gidan suna a Maigatari na yi dariya, mata suka hau zunɗen bakina. Yanzu har jikokina na jin ana cewa hajjin Kande a Gagarawa Tasha ya tsaya, can ta sayi haƙori ta juyo. Ni da na yi jifan Shaiɗan da hannun nan.

Na biyu, kayan da yake yi wa kirari. Kujerar nan ta tsohuwar mota ce, na san direban da ya yar da ita. Awartakin kuwa, maƙeri ba zai ɗauki garwashi da shi ba. Ka yi musu kuɗin ƙarfe, ka wuce.

Na uku, kwalbar nan da ya cika da haƙora yana nuna wa mai saye, wai shaidar ciniki. Ranka ya daɗe, ka zazzage ta a faifai ka duba nawa ne masu rami. Nawa yana ciki, fari tas, da shi nake fasa goro a da. Yau sai na goga a magogi kamar 'yar shekara ɗari. Cikar kwalba ba ciniki ba ce. Cinikin mai haƙori shi ne wanda ya zo, ya koma ya yi barci, ya dawo da ɗansa a hannu. Ka tambayi Tanko mutum nawa suka taɓa zama kujerarsa sau biyu da son ransu. Baƙin ƙauye yake ci, masu zuwa kasuwa sau ɗaya su tafi da tsumma a baki.

Na huɗu, wai shagon yana wuri mai kyau. Yana jikin injin niƙa ne, shi ya sa ba a jin ihu. Ranar da injin ya lalace, ko kuda bai shiga ba.

Wanda ya sayi irin wannan shago suna ya saya, ba bango ba. Sunan Tanko kuwa, kamata ya yi shi ya biya a karɓa.

Roƙona biyu ne. Kada a tafa hannu a cinikin nan sai ya fito da zinariyata, maƙerin farfaru ya gwada ta a gabanka, a mayar mini a gaban mata. Sannan ka faɗa wa mutumin Ɗanzomo gaskiya, ya tafi da kuɗin tumakin da ya sayar ko ya saya da arhar banza. In ba haka ba, zan shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon kowace ranar kasuwa, duk wanda ya nufo riƙe da kumatu in wangale masa bakina. Ba ni da aikin yi, kuma danginmu suna daɗewa.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare maka haƙoranka talatin da biyu. Shi kuma Tanko, Allah ya ba shi tsawon rai da ciwon matauni, ya haɗa shi da gwani irinsa.

Wassalam.

Hajiya Kande, Hajiyar gaske.