Na Daddatsa Nama a Kan Katakon Surukina

Burul Eje, yayata, don Allah ki taimake ni kafin kaina ya fashe.

Shekara goma sha biyu ke nan ina aure a garin At-Bashi, gidan mai sassaƙa komuz, molonmu mai tsirkiya uku. Surukina, mahaifin mijina, ya cika gidan da katakon wata bishiya da ake kira karagai, wanda yake yi wa komuz fuska da shi. Saman rufi katako, ƙarƙashin gado katako, ko wurin shanya ba ni da shi. Kullum sai ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara a kunne. Ni dai katako nake gani!

Ranar Juma'a baƙi suka cika gida, aka yanka tunkiya, allon yankan namana ya tsage. Na jawo wani tsohon katako mai ƙura da ke kusa da tukunya na daddatsa nama a kai. Ashe shi ne wanda ya saro a kan dutse a hunturun da na haifi 'yata Akilai, yana jiran ya bushe ya yi mata komuz. Yanzu ya sha kitse, ga sawun wuƙa. Ina zan sani? Ko alama babu!

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Kwana shida ke nan in na miƙa masa shayi sai ya kife kofin. Ƙwanƙwasar da ta ishe ni ma ya daina, shirun kuma ya fi damuna. Al'ada ta hana ni ko kiran sunansa, balle in ja da shi. Yaya zan yi?

Surukar da ta gaji

Ƙanwata,

Kina da gaskiya: abin da ya kai haka daraja ba a ajiye shi kusa da tukunya. Amma shekara goma sha biyu kina jin ƙwanƙwasa, ko sau ɗaya ba ki tambayi abin da yake saurare ba? Haba!

Kada ki wanke katakon, ruwa zai ƙara ɓata shi. Ki kai masa da hannu biyu, ki ba shi haƙuri, ba sai kin kira sunansa ba. Ko zai fere saman ya ceto shi, ko ya riga ya lalace, shi ya sani.

Ki tafi da Akilai, ki roƙe shi ya nuna mata yadda ake ƙwanƙwasawa. Tun ranar haihuwarta yake jiran ta ji wannan sautin. In ya sa mata katako a kunne, ki koma ki ɗora shayi.

Allah ya daidaita ku.

Burul Eje