Askar Surukina Ba Za Ta Taɓa Ɗana Ba

Anti, ki taimake ni, gidanmu ya ɗau zafi a kan kaciyar ɗana. Surukina wanzami ne. Askarsa tun ta kakansa ce, tana naɗe cikin jan ƙyalle a saman kabad, kuma duk namijin zuriyarsu shi ya yi wa, har mijina. Yanzu ya ce ranar Asabar sai nawa.

Ni kuwa ina shekara tara aka yi wa ƙanina, jini ya ƙi tsayawa. Kwana biyu ina wanke tsummokara a bakin famfo, a na uku aka binne shi. Likita kaɗai na taɓa faɗa wa wannan labarin, bakina ba ya iya furta shi a gida. Likitan ya ce kada a taɓa ɗana sai an gwada jininsa. Surukina ya ce na raina gadonsa, wai tun kafin a san asibiti ake kaciya. Mijina kuma ya koma kurma, kansa na cikin waya. Na faɗa musu ƙiri-ƙiri, mai sa wa ɗana aska sai ya fara da ni. In saki ne, jakata a shirye take. Ban ga laifina ba, amma ina son mijina.

Uwar ɗa ɗaya

'Yar'uwa, kada ki janye ko taku ɗaya. Akwai ciwon rashin tsayawar jini da ke bi ta wajen uwa ya sauka kan 'ya'ya maza, don haka tsoronki yana da tushe.

Surukinki ma bai yi ƙarya ba, kaciya ta girmi asibiti nesa ba kusa ba. Al'ummai da yawa sun yi ta, wasu don addini, wasu don shaida yaro ya girma, daga baya likitoci suka shigo. Har da dutse mai kaifi an yi kafin ƙarfe. Kin ga kayan aiki sun sha canzawa, ba a kansa farau ba.

Amma ajiye jakar nan tukuna. Tsohon nan gani yake hannunsa kike zargi, tunda kin ɓoye masa dalili. Ja mijinki ku durƙusa gabansa, ki ba shi labarin tsummokaran nan ko da kuka ne. Wanzamin da ya tsufa da aska ya san jinin da ba ya tsayawa. Roƙe shi ya raka ku gwajin. In ya ƙi, Asabar ta same ki a layin asibiti da ɗanki a baya.

Allah ya raya shi, ya jiƙan ƙaninki.