Ba Zan Gaya wa Akwati Ba

Zuwa ga ƙanena Uba, a Badafi.

Gaisuwa mai yawa. Yaya Kulu da yara? Ni lafiya lau, kullum da nama, sai dai ko hanyar tasha ban sani ba.

Masu binciken da suka kawo ni Ikko suna gwada akwatin bidiyon da za su kai ƙauyuka. Suka tambaye ni irin wanda manoma za su so. Na ce wanda zai yi shiru in baƙo ya shigo. Suka yi dariya.

Sun ɗauki tarihin garinmu daga bakina a cikin akwatin, saura asalin gidaje: kakan wa ya zo da ƙafarsa, na wa aka kawo da igiya. Wai sai na faɗa za su mayar da ni gida.

Ka shuke mini gonata, kada ka jira ni. Allah ya sada mu.

Yayanka, Baffa.